Litir da Cuku

Litinin, 6 Nuwamba 2023
Inna ta raba muna hwadamar Baba biyu, ni da wana Mu'awiya, na rani ɗaya tak. Saniya guda ga kowa: Goshi tawa, Kyalla tashi. Wanda abincin dabbarshi ya hi kawo nono, shi za ya riƙe hwadamar duka har da rijiya. Ni na dasa maralfalfa, ciyawar nan mai tsawo da ƴan proje, masu aikin taimakon manoma, sunka kawo Keita. Shi ko ɗan wari, waken kakanni. Ya dubi karan da nike binnewa ya tambaye ni ko rake zan saida. Shekara goma sha biyar ina dillancin shanu, mutumin da bai taɓa wuce Bouza ba shi ka yi mini dariya.

Alhamis, 18 Janairu 2024
Ciyawar ta wuce kaina. Ta kuma sha esans, man injin ban ruwa, kamar babur ɗin kabu-kabu. Ɗan warin Mu'awiya tun shuka ko guga uku bai gani ba, yana kwance abinshi, kore shar. Haushi.

Asabar, 10 Fabrairu
An hwara awon nono da butel, kwalbar litir guda. Goshi litir huɗu, Kyalla huɗu da rabi. Na ce a sake. An sake. Na ce Mu'awiya yana ba Kyalla dusa a ɓoye. Bai ko ɗaga kai daga igiyar da yake tuƙa ba, wai in zo in kwana garken in ina so. Wannan sanyin nashi ya hi zagi ciwo.

Juma'a, 16 Fabrairu
Teknisiyan na proje, malamin gona, ya zo kan moto. Yanzu ne yake gaya mini ciyawar ta tsufa, tun tana kai ƙugu ake yanka ta, kuma a haɗa ta da harawa. Ran da yake raba iri bakinshi na ina? Ya ɗauki hoto ya tahi.

Lahadi, 25 Fabrairu
Goshi litir biyar da rabi. Mu'awiya ya ce masha Allah.
Ruwa kofi uku na zuba cikin nonon, bayan rumbu, kahin in kai ma Inna. Takarda nake gaya ma, ba ta da baki. Kuma wa ya taɓa saida nono a ƙasar nan hannunshi bai jiƙe ba?

Litinin, 4 Maris
Kwana tara ina gaba. Yau Inna ta ce ita ba ta shiga lakwal ta yi boko ba, ba ta san litir ba, cuku ta sani. Ta sa madarar kowa ƙwarya daban, ta ɗiga mata abin daskarewa, ta shanya kan tabarma biyu. Na ce ba haka munka yi ba tun farko. Ta ce da wa munka yi?

Talata, 5 Maris
Kyalla cuku tara. Goshi shidda, sirara, kana ganin rana ta cikinsu.
Inna ta ɗaga ɗaya gaban matanmu ta ce, "Mato, rijiyarka ta hi saniyarka nono."
Zulaiha, matata ta kaina, ta rufe baki da gyale. Hwadama ta zama ta Mu'awiya. Da ya yi mini gori da na samu abin riƙewa. Sai ya ce, "Ƙanena, bar ciyawarka inda take, saiwarta ta kama. Gehen rijiya naka ne." Na ce ban roƙi sadaka ba. Na ce abubuwa da yawa.

Laraba, 6 Maris
Ban je kasuwa ba. Labari ya riga ni, na sani.

Asabar, 9 Maris
Ciyawar da na yanke kwanaki ta toho, ɗanya shar, iya ƙugu. Asara ce a bar ta, kuma Goshi ba ta iya cinye ta, shi ya sa na kai dami biyu garken Mu'awiya. Ya yayyanka ya cuɗa da ɗan wari ya zuba ma shanun duka biyun. Ko kara ba su bari ba. Mun tsaya muna kallo.
Da zan tahi na tambaye shi ƙwayar ɗan wari nawa yake sawa a rami. Uku, in ji shi, in ƙasa na da laima. Tambaya ce kawai.