Kabarin da Nake Yi wa Fenti

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakiyar rana, ruwan randata bayan wunin walda. Zuwa ga wadda murmushinta ke sauko mini kamar yayyafin farko a kan busasshiyar ƙasa, wadda faɗanta ma ya fi mini yabon wasu daɗi. Uwar 'ya'yana, abokiyar tsufana, mai ɓoye mini gwangwanin sukari don kada likita ya ga laifinta. Ina gaishe ki gaisuwar mutumin da gida ya yi wa faɗi tun ranar da kika tafi kula da Auta da jaririnta.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga hannuna. Yaushe rabon da in rubuta miki abin da ya wuce lambar mai kawo gas? Jiya na kira ki a waya na tambayi lafiyar mai jego, na kashe. Na sake kira na ce miki firij ya soma ƙara. Firij lafiyarsa lau, masoyiyata. Bakina ne ya ƙi ɗaukar maganar, shi ya sa na ɗora wa hannu.

Ki nemi wuri ki zauna. Ki miƙa wa Auta ɗanta, kada ki karanta wannan kina goye da shi. Na gano inda aka kai abin da kika haifa mana na fari.

Bari in bi miki daga farko, don har yanzu kaina juyawa yake yi. Kin tuna ranar da 'Yar-aro ta zo da faffaɗan kwalinta ta shimfiɗa a tsakiyar falo? Bishiyar zuri'a take zana wa 'ya'yanta: ga reshen mahaifinta Tela, ga na mahaifiyarta marigayiya, ga namu, don ta ce wadda ta shayar da ita ba ta da maraba da wadda ta haife ta. Muna ta dariya, kina gyara mata sunayen kakanni, ni kuma ina cewa a zana ni a saiwa tunda ni ke ɗauke da kowa. Sai ta ɗago kai ta ce, "Mama, wanda na sha nononsa fa? Ina zan sa ganyensa? A ina ma aka binne shi?" Ludayi ya suɓuce daga hannunki. Kika shige kicin, na bi ki, kika ba ni baya kina wanke tukunyar da take a wanke.

A nan kika faɗa mini abin da kika haɗiye shekara talatin da ɗoriya. Kika ce a bayan asibitin nan akwai wani dogon bututu mai fitar da hayaƙi, kina kwance kina kallonsa ta taga, sai wata mai shara ta ce da jariran da ba su yi kuka ba ake haɗawa a ƙone. Ya hasken gidana, da wannan kike kwana kina tashi? Da wannan kika yi mini girki, kika yaye 'ya'ya, kika aurar da su? Sai a ranar na gane abin da ke sa ki rufe tagogi duk lokacin da maƙwabta suka cinna wa shara wuta, ni kuwa ina tsokanarki da cewa hancinki na 'yan gayu ne.

Ai ba na nan aka yi komai. Ina can wajen aikin tankunan nan masu nisa, sai da aka sallamo ki saƙo ya iske ni. Ke ba a nuna miki ba, ba a ma gaya miki ko mace ce ko namiji ba. Baba mahaifinki, Allah ya jiƙansa, ya tare ni a ƙofar gida ya ce Allah ya karɓi abinsa, kada a sake tayar da zancen. Wa ya isa ya yi wa surukinsa tambaya a irin wannan rana? Na shiga ɗaki, sai na gan ki zaune da jaririya a ƙirji tana tsotso. Zuciyata ta yi tsalle, na ɗauka ban fahimci Baba ba ne. Kika girgiza kai, hawaye na ɗiga a kan goshinta, kika ce, "Ta aro ce." Matar Tela, wadda gadonta ke kusa da naki, ita ce ta rasu wajen haihuwa, jaririyarta na ta tsala kuka, naki nonon kuma ya kawo babu mai sha. Ban taɓa ganin abin da ya kai ki kyau a wannan rana ba, ban kuma taɓa ganin abin da ya kai ki ban tausayi ba. Daga nan sunan ya bi ta, ga shi yau har 'ya'yanta sun san da shi.

Da kika tafi gidan Auta, sai na rufe shago na shiga nema. Ban gaya miki ba, don ina tsoron abin da zan samo. Na fara da asibitin. Ɗakin haihuwar nan yanzu ya zama wurin karɓar magani, bututun kuma an rushe shi, motoci ake ajiyewa a wurin. Wata ma'aikaciya mai kirki ta kai ni ɗakin tsofaffin fayil, ta nuna mini abin da ruwa da gara suka bari: tulin takardu manne da juna, kana ɗagawa suna marmashewa. Na je ofishin rajistar haihuwa, aka ce a wancan zamani wanda bai yi numfashi ba ba a rubuta shi, babu takardar zuwa, babu ta tafiya. Na je maƙabarta, masu haƙa na yanzu suka ce tsofaffin duk sun bi waɗanda suka binne. Kowa ya yi mini ta'aziyya da ladabi, kowa ya sallame ni hannu wofi. Wai a ce mutum ya kwana wata tara a ƙarƙashin zuciyarki, yana shurin tafin hannuna, amma duk duniya babu ko layi ɗaya da ya san da shi?

Shekaranjiya da hantsi na biya shagon Tela. Ba wani abu na sa rai ba, kawai na ce shi ma yana asibitin a ranar, wataƙila ya tuna da wata nas da ke raye. Na same shi yadda kika san shi, tabarau a kan karan hanci, allura a baki, yana faɗa da zaren da ya ƙi shiga. Muka gaisa, ya yi mini tsiyar tumbina, na yi masa ta sanƙonsa. Sannan na ce, "Ɗan'uwa, akwai abin da ban taɓa tambayarka ba. Ranar nan, ko ka ga inda aka yi da namu?"

Ƙafarsa ta tsaya a kan keken ɗinkin. Ya zare allurar daga bakinsa, ya dube ni, ya ce, "Wace irin tambaya ce wannan, Mai-walda? Ba wurinta kake zuwa duk shekara ba?" Na ce wurin wa? Ya ce, "Wurin 'yarka mana."

Na dafa teburin yanka, almakashi ya faɗi ƙasa, ban san lokacin da na zauna a kan buhun ƙyallaye ba.

Kin san kabarin mahaifiyar 'Yar-aro. Lokacin da yarinyar ta yi wayo ta fara tambayar uwarta, ni na yanka allon ƙarfe a shagona, na rubuta sunan marigayiya, muka je da Tela muka kafa. Tun daga nan, duk shekara kafin ruwa ya sauka, mukan je tare. Shi ya cire ciyawa, ni in kankare tsatsa in shafa sabon fenti, mu yi addu'a. In mun shafa addu'ar, sai ya ja da baya ya tafi can gindin bishiya ya bar ni ni kaɗai. Ni a zatona hawayensa yake zuwa ɓoyewa. Ashe wuri yake ba ni in gana da 'yata.

Ga yadda ya ba ni labarin. Ya ce da ya je ɗaukar gawar matarsa, ya iske Baba tsaye a baranda da ɗan ƙunshi a hannu, tsoho ya rasa inda zai nufa. Suka shiga mota ɗaya. A maƙabarta masu haƙa suka ce su ba sa yi wa irin waɗannan rami daban, sukan jira a kawo gawar mace, su nemi izinin masu ita, su kwantar da jaririn a gefenta. Suka dubi Tela. Ya ce, "Na ce musu matata ta tafi tana tambayar ina jaririyarta, ku ba ta wannan ta riƙe." Daga ragowar likkafanin matarsa ya yanka mata nata, da hannunsa ya naɗe ta, da hannunsa ya miƙa ta.

Mace ce, sanyin idona. Mace muka haifa! Ya ce gashi cike da kanta, baƙi wuluk irin naki, da ɗan lotsawa a haɓa irin wannan tawa da kike cewa wurin ajiye gishiri ne. Ya ce fuskarta lumui, kamar wadda aka lallaɓa ta yi barci.

Na ce masa don me bai taɓa faɗa ba? Ya ce shi a saninsa Baba ya gaya mana. Da ya ga na zo da allo, sai ya ce a ransa lalle bawan Allah ya sani, kara ce ta hana shi furtawa, ni ma ba zan fama masa ciwo ba. Har ya lura na bar rabin allon fili a ƙasan sunan matarsa, ya ɗauka wurin wadda ba a raɗa wa suna ba ne na bari. Ni kuwa kuskuren awo ne, na yanka ƙarfen ya yi tsawo, na ji ƙyashin sake yankawa. Muka dubi juna, tsofaffi biyu, muka fashe da dariya, dariyar ta koma kuka, har wata mata da ta zo karɓar ɗinki ta juya ba ta shigo ba. Duk shekarun nan kafaɗa da kafaɗa, kowa na yi wa ɗan'uwansa kara a kan abin da bai fahimta ba.

Ba na ganin laifin Baba. Shi a ganinsa shiru magani ne, kuma bai daɗe ba shi ma ya rasu. Da ya san da bututun nan a zuciyarki, na tabbata da ya kama hannunki ya kai ki da kansa.

Daga shagon ban koma gida ba, maƙabarta na wuce, rana tsaka. Na zauna a ƙasa kusa da allon da na fi kowa sanin tsatsarsa. Sau nawa na dafa ƙasar nan da tafin hannuna don in miƙe? Sau nawa fentina ya ɗiga a kanta? Ina tsugune a kan 'yata ina yi wa Tela hirar tsadar ƙarfe! Na dubi wurin kamar yau na fara ganinsa. Inuwar bishiya na kaiwa kansa da la'asar, kurciyoyi na kiwo a gefe, ƙasar a lafe take, ba ta zaizaye ba. Babu wuta, masoyiyata. Babu hayaƙi. Ba a jefar da ita ba, ba a haɗa ta da shara ba. A cikin farin ƙyalle ta tafi, a hannun mutumin da yake kuka, aka kwantar da ita a jikin uwa.

Ki duba wannan al'amari. A daidai lokacin da aka ɗora miki 'yar matar nan a ƙirji, ana can ana kwantar da taki a gefenta. Ba ku taɓa sanin juna ba sai nishin naƙuda da kuka ji ta bayan labule. Ke kika riƙe mata tata har kika aurar da ita, ita kuma tana riƙe miki da taki har yau.

Yanzu ga roƙona, ya ke wadda ban taɓa roƙo ta hana ni ba sai sukari. Ki dawo gida. Surukar Auta na nan, za ta iya wankan jaririn, ko da ba za ta kai ki iyawa ba. Ki dawo in kama hannunki in kai ki, ki zauna a inuwar nan ki yi kukan da aka hana ki, ni kuma in koma gindin bishiya in ba ki wuri yadda aka riƙa ba ni. 'Yar-aro ce za ta kawo miki takardar nan, kuma ba ta san abin da ke ciki ba. Na bar miki ki gaya mata da bakinki cewa ganyen da take nema yana jikin reshen mahaifiyarta tun ranar farko.

Abu ɗaya ya rage. Na san ki. Ba za ki ɗauki ciki wata tara ba tare da kin tanadi suna biyu a ranki ba, na mace da na namiji, ko da ba ki taɓa faɗa mini ba. Ki zo mini da na macen. Filin nan na ƙasan allo yana nan yadda na bar shi, na kankare shi tas. Na sayi farin fenti da sabon buroshi, ban buɗe gwangwanin ba sai kin zo.

Naki tun ranar da kika yi wa wandona mai hujin tartsatsi dariya, naki a yau da hannuna ke rawa, naki ke kaɗai har ranar da za a nemi wanda zai yi wa nawa allon fenti,

Mai-waldarki, baban 'yarki ta fari.