Laccata a Bakin Malam Sabi'u

Gumel, daren Laraba

Wata biyu ina haɗa laccar nan, kan yadda sojojin zamanin da can ke hawa manyan balan-balan masu tashi sama su leƙo sansanin abokan gaba. Abokina Malam Sabi'u ya karɓi takardun, wai zai duba mini. Yau a taron malaman tarihi ya miƙe ya karanta su da sunansa. Ko labarin sojan da ke zuro saƙo da igiya daga cikin kwandon balan-balan bai bar mini ba. Aka tafa masa.

Da muka fito ya dafa kafaɗata. "Haba Malam Nura, ai ilimi na kowa ne."

A babur ɗina na kai shi gida, kamar kullum. Gobe ba zan biya in ɗauke shi ba.