Hannun Hagun Kyaftin Zuhal

Alhamis, 3 ga Oktoba

Sun canza mata hannu.

Daga makaranta ban ko biya gida ba, na wuce shagon littattafan Ammu Shukri a unguwar Babul Luƙ, nan Alƙahira, domin yau Kyaftin Zuhal, jarumar littafin zanen nan mai yawo a sararin samaniya, ta dawo bayan shekara ashirin da ɗaya ba a buga ta da Larabci ba. Ya miƙo min ita yana washe baki kamar shi ya zana. Ina kallon bango sai ga ƙugiyar da ta saba riƙewa da hagu a hannun dama. Na ce ƙila kuskuren bango ne. Na je buɗewa, littafi ya ƙi buɗuwa ta inda littafin mutane ke buɗuwa. Ta hagu ake fara shi, irin na Turawa.

Ammu Shukri ya ce, "Ai haka asalin yake, Abla Nirmin. Na da ne aka juya." Wai masu buga na da, don littafi ya karantu daga dama, sai su kifa hotunan kamar a madubi, dama ta koma hagu. Sabon kamfanin kuwa ya rantse ba zai taɓa zanen mutane ba.

Na ce, "Na sani, Ammu, ba jiya aka haife ni ba." Kuma na sani ɗin. Sani daban, gani daban.

Na saya don kada a ce. Tana cikin jaka, ban wuce shafi na biyu ba.

Asabar, 5 ga Oktoba

Na kai takardata. Shekara goma sha ɗaya ke nan duk Asabar ina rubuta shafi ɗaya a kan sababbin littattafan zane, in ba kowanne maki bisa goma da jan biro, yadda nake yi wa 'yan ajina a lissafi. Ammu Shukri ya kafe ta a allon bakin ƙofa, ya ɗauki hotonta ya sa a shafin shago na intanet. Ban taɓa fashi ba, har makon da aka cire min haƙori.

Na wannan makon:

Mutumin Gishiri, huɗu. Ya sake mutuwa. Karo na uku ke nan bana, masu haƙa kabari ma sun gaji da shi.

Birnin Ƙanƙara, takwas. Shafi huɗu babu wanda ya ce uffan, kuma su ne suka fi magana.

'Yan Sandan Wata, biyar. Har yanzu ban gano inda matan littafin nan ke ajiye hanjinsu ba.

Kyaftin Zuhal, sifili. Dalili: wannan ba ita ba ce.

Ammu Shukri ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ɗauka wasa nake.

Litinin, 7 ga Oktoba

Yau ina rubutu a allo sai na tsaya ina kallon hannuna, har yara suka fara gyaran murya.

Abla Fauziyya ce ta faɗo min, malamata a aji biyu na firamare. Da ɗankwalinta take ɗaure min hannun hagu a jikin kujera, ta sa min alli a dama. In na kwance, rula. A gida Mama ta ɗora daga inda ta tsaya. Cin abinci da dama na koya, ban da ja a kan wannan. Amma rubutu? Me rubutu ya yi musu?

Ina shekara takwas Baba ya shigo da fitowa ta goma sha huɗu a naɗe cikin jarida. A shafin ƙarshe Kyaftin Zuhal ta zauna tsakanin sarakunan duniyoyi biyu da suka shekara ɗari suna yaƙi, ta ɗauki alƙalami da hagu ta sa hannu a takardar sulhu. Sarki biyu, fadawa cike da fada, babu wanda ya doke mata hannu. Na kalli hoton nan har takardar ta yi laushi. Washegari na kwance ɗankwalin Abla Fauziyya, na sha rula bakwai, ban yi kuka ba.

Yanzu wani sabon kamfani ya zo ya ce min kuskuren maɗaba'a ne.

Asabar, 12 ga Oktoba

Fitowa ta biyu, sifili. Ban buɗe ledar ba ma. Bango ya isa shaida.

A shafin shago an yi ca a kaina. Wani ya rubuta, "Abla ta tsufa, a ba ta kujera." Wani ya ce in je in sayi madubi. Mutum uku ne suka goyi bayana, kuma ina zargin ukun duk bahagwai ne. To, mu huɗu ma jama'a ce.

Laraba, 16 ga Oktoba

Ammu Shukri ya kira ni wai in zo mu sha shayi. Duk ranar da ya sa min sukari da hannunsa akwai magana.

Ya yi ta kewaye-kewaye, daga ciwon gwiwa ya koma tsadar takarda, sannan ya fito fili. Kamfanin na ba shi kaya kwana biyu kafin kowa. A shagonsa za a yi bikin littafin a watan gobe. An kira shi daga can an ce takardata na kore musu masu saye a bakin ƙofarsa.

"'Yata, ban ce ki yaba ba. Ki ba ta uku mana. Uku ma ai zagi ne."

Na ce, "Ammu, yaushe ka fara sayar da makina?"

Ya ce, "Ranar da kika fara bayar da shi da ido a rufe."

Na yi kamar ban ji ba. Ya ce in aka sake sifili, allon nan ba zai iya ɗaukar takardata ba. Na shanye shayina tas, don kada ya ce fushi na yi, na fito. Fushin kuwa na yi shi.

Asabar, 19 ga Oktoba

Sifili na uku. Na rubuta shi ƙato, na zagaye shi sau biyu.

Ban san Ustaz Wagdi, editan kamfanin, yana cikin shago ba. Na zaci zan ga mai taye da tumbi. Ashe siriri ne mai tabo na tawada a aljihu, ba zai wuce talatin ba. Ya karanta takardar a tsaye, mutane kamar goma suna kallo, ya ce cikin ladabi, wanda ya fi zagi ciwo:

"Ustaza, tun ina sakandare nake karanta ki. Ke kika hana ni sayen shirme da yawa. Tambaya ɗaya ce da ni. Me ya faru da jirginta a fitowa ta biyu?"

Na ce ba gwaji na zo yi ba.

"To a ta uku, wa ta tarar a tashar?"

Na hau gyara zaman tabarau.

Ya ce, "In ɗalibarki ta kawo miki takarda, kika ba ta sifili ba ki duba ba saboda hannun da ta rubuta da shi, me sunan wannan?"

Allah ya sani, da ya mare ni ya fi min sauƙi. Na ce, "Kai ba a taɓa ɗaure ka a kujera ba, yaro." Bai gane ba, babu ma wanda ya gane, sai suka ga mace mai shekara arba'in da ɗaya tana rawar murya a kan zane.

Ammu Shukri ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya ninke takardar, ya sa min a hannu. Ya ce, "Ranar da kika karanta, allo na nan." Bai kalle ni ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Su riƙe allonsu. Bango ya ƙare a Alƙahira ne?

Asabar, 26 ga Oktoba

Na manna takardata a jikin rumfar mai ruwan rake, daura da shagon. Na zauna a shagon gahawa na gefe ina leƙe ta saman tabarau. Awa biyu: mutum ɗaya ya tsaya, shi ma canji yake jira. Ƙudaje kam sun karanta ta daga sama har ƙasa.

Mutumin Gishiri ya tashi daga kabari, uku. Kyaftin Zuhal ta huɗu na saya a wani shago a unguwar Attaba, inda ba a san ni ba. Sifili.

Allon Ammu Shukri babu komai a kai. Bai ba kowa ba. Ba wai na duba ba ne, idona ne ya faɗa.

Talata, 29 ga Oktoba

Na samo hujja. Wani daga cikin bahagwan nan uku ya ba ni adireshin Ammu Girgis, wanda ya yi aikin juya hotunan a tsohuwar maɗaba'a. Yana unguwar Shubra, yana da rai. Tun ina ƙarama na yi imani wani ne a can ya bar ta da hagu da gangan, wani irina. In ya faɗa da bakinsa, zan rubuta in kai wa Ustaz Wagdi har ofis ya karanta a tsaye.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Na je. Hawa na biyar, babu lif.

Tsoho ne ƙarami, ido ya yi hazo, yana zaune a baranda da kejin tattabaru. Matarsa ta kawo kofi. Abin da na fara dubawa hannun da zai ɗauki kofin. Dama.

Na kwashe labari na gaya masa, har da ɗankwali, abin da ban taɓa gaya wa Ammu Shukri ba. Ya saurara. Da na tambaye shi ko da gangan ne, sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi.

"Da gangan? 'Yata, fim ɗin hotunan kawai muke kifawa, mu shafe Turanci mu rubuta namu. Wa ke da lokacin hannu?"

Na ce amma ai an lura.

"An lura mana! Iyaye suka yi ta aiko wasiƙu, wai muna koya wa yara cin abinci da hagu. Mai gida ya kira ni ya ce, Girgis, ka sake zana hannayen nan duka. Shafi arba'in duk mako! Na ce to. Bayan wata ya tambaya, na ce to. Shekara goma sha uku ina ce masa to, har Allah ya karɓi abinsa."

"Saboda me?"

"Ƙyuya, 'yata. Wallahi ƙyuya ce zalla. Kina so in yi miki ƙarya?"

Na so. Na so ƙwarai. Matarsa ta leƙo ta ce, "Famfon banɗaki ma to yake ce min tun zamanin ƙuruciya."

Da zan tafi ya riƙe min hannu, na hagun, ya ce, "Amma ɗankwalin ai ba ni na kwance ba."

A cikin jirgin ƙasa na metro ban san ko dariya zan yi ko kuka ba, sai na yi duka biyun, wata mata ta miƙo min alewa.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Ban rubuta takarda ba. Karon farko a shekara goma sha ɗaya. Kaina ke ciwo, ba wani abu ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Jiya bayan azahar na zube fitowa biyar ɗin, har da ta biyar da na sayo ban ba ta maki ba, a kan tebur. Niyyata in tara kurakurai in jera wa Ustaz Wagdi da lamba, tun da karatu yake so. Na ajiye jan biro a gefe.

Buɗewa ta hagu ta ba ni wahala, sau uku ina fara shafi daga ƙarshensa. Fassarar fitowa ta ɗaya akwai tauri. Na rubuta wannan.

A ta biyu an ƙwace mata jirgi an yanka shi an sayar da ƙarafan. A ta uku, wanda ta tarar a tashar tsohon makanikenta ne, ya makance, yana gane ta da takunta. Ta tsufa, ashe. Gwiwarta na ciwo. Babu mai tuna sulhun da ta yi, sarakunan sun mutu, jikokinsu sun koma yaƙi, amma ta ɗauki ƙugiyarta ta sake fita a jirgin haya. Shinkafata ta ƙone a kan wuta.

Yau na kai takarda. Layin farko: "Mako huɗu na ba da sifili ban karanta ba. Malamar da ta yi wa ɗaliba haka ba ta cancanci jan biro ba. Ustaz Wagdi ya yi gaskiya, kuma ba na son a sake tayar da maganar."

Ammu Shukri ya karanta har ƙasa, ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko ƙusoshi. Yana kafewa ya ce, "Bakwai kacal, Abla Nirmin?"

Na ce, "Ukun da na cire na hannu ne. Ba zan mayar ba ko za a rufe shagon."

Ya ce, "Allah ya shirye ki."

Abin da ban sa a takardar ba shi ne wannan. A ƙarshen ta biyar an kawo mata wata takarda ta sa hannu, na karanta wurin sau biyu, na share ido, na rufe littafin. Sai da nake kankare tukunya na tuna ban duba da wane hannu ta riƙe alƙalamin ba.

Har yanzu ban koma na duba ba.