Rigar da Binta ta wanke

Assalamu alaikum Yaya Rabi,

Ina gaisuwa da fatan alheri. Ya jiki, ya ƙafar Baba, ya yara? Mu nan Greensboro ta Amurka lafiya lau.

Ɗanki Kabiru ya so ajiye karatu saboda sana'ar banza. A nan idan ɗan wasan besbol, wato ƙwallon da ake bugawa da sanda, ya yi suna, har rigar da ya yi gumi a ciki rububinta ake yi a intanet, dauɗar ce ma abin so. Kabiru ya kwashi kuɗin makarantarsa ya sayi ɗaya, wai zai sayar idan mai rigar ya ƙara tashe. Matata Binta ta gan ta duk jar ƙasa, ta wanke tas, ta goge, ta turara.

Ya dawo ya ɗora hannu a ka: "Anti, kin kashe ni!"

Ta ce, "Au, tsami kake ajiya?"

Yanzu ba mai tayawa. Kasuwar da sabulu ke rusawa ai ba kasuwa ba ce. Yaron yana da ƙwaƙwalwa, don haka na biya masa wannan zangon, ya koma aji. Ki kira shi, amma ban da faɗa, sabulun ya isa.

A sa mu a addu'a. Ki gaida Baba da yara.

Ƙaninki,
Sani