Rasuwar Baba Mai Diga, Mai Mangwarorin Kan Iyaka

Cikin alhini mai nauyi da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Tsofaffin Maciran Duwatsun Iyaka da Iyalansu ta karɓi labarin rasuwar ubanta kuma jagoranta, Shugaban Majalisar Dattawanta, tsohon Saje a Rundunar 'Yanci, wanda yaro da babba suka sani da Baba Mai Diga, wanda ya koma ga Mahaliccinsa bayan doguwar jinyar ƙirji, a ɗakinsa na ƙofar gida, tagarsa a buɗe tana kallon titi kamar yadda ya ce a bar masa ita. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Saboda matasan da aka koya musu tarihi guntu-guntu, dole mu faɗi ko wane ne aka rasa. Da aka ci yaƙin 'yanci, ƙasashen nan biyu suka haɗe suka zama ɗaya, aka ƙone taswirorin Turawa a bainar jama'a, gwamnatin farko ta nemi mazajen da za su bi layin da aka tsaga mu da shi, su tumɓuke duwatsun simintin da aka kakkafa a gonaki da kasuwanni da tsakiyar unguwanni. Marigayin, wanda magini ne tun kafin yaƙi, ya ajiye bindiga ya saɓa diga ya shige gaba, yana yi wa abokansa ba'a cewa shi ne magini na farko da gwamnati ta ɗauka aiki don ya rusa.

Kowane dutse in an cire shi yakan bar rami har ƙugu. Bayan jakin wata mai sayar da itace ya faɗa ɗaya ya karya ƙafa, marigayin ya kafa wa ayarinsa doka: ba a barin rami a buɗe. A cika shi da ƙasa da taki, a binne ƙwallon mangwaro, kuma ba a tashi daga wurin sai an sami maƙwabcin da ya ɗauki alkawarin ban ruwa. Haka suka yi tun daga bakin kogi har gindin tsaunuka, suka dawo da kanta a hannu, babu lambar girma, babu ko hoto.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani, ko da yake littattafan makaranta sun iya tsallake shi. Masu girma shugabanninmu, waɗanda suka rungumi juna a kan mumbari, suka ɓata a kan kujera, suka ce kowa ya koma inda yake a da. Aka turo masu awon ƙasa, suka nemi taswira babu, suka nemi dutse babu, sai suka ɗaga kai suka ga mangwarori a jere, a miƙe sak, kowanne a daidai ramin da Bature ya haƙa. A jikinsu aka ɗaura waya mai ƙaya. Duk littafin da aka buga a kan rabuwar nan mun bi shi shafi-shafi. Akwai sunan wanda ya sa hannu, akwai na wanda ya miƙa masa alƙalami, amma babu layi ɗaya a kan dattijon da aka mayar da alherinsa shinge.

Shi kuwa bai taɓa zagin kowa ba, abin da mu yaransa muka kasa koyo. Yakan ce a duk duniya shi kaɗai ne ya yi wa iyakar ƙasa ban ruwa da bokitinsa har ta yi 'ya'ya. Ranar da matasan ƙungiya suka wasa gatura suka nufi bishiyoyin, ya fito da sandarsa ya zauna a gindin ta ƙofar gidansa, ya ce musu mangwaro bai sa hannu a takardar kowa ba, in sun sare za a auna daga kututture, sai a tashi ga waya, ga rana. Suka mayar da gaturan gida.

Wayar nan ta bi ta tsakiyar titinsu. Gidan 'yarsa ta fari, ungozomar unguwa da muke kira Yaya Babba, yana tsallaken titin, ƙofa na kallon ƙofa, amma yanzu a wata ƙasa yake. Da ciwo ya tsananta ta je ofishin kan iyaka, aka ce izinin jinya daga babban birni yake fitowa. Da ya cika ta koma, aka ce wancan izinin na mai rai ne, sai dai ta nemi na jana'iza daga farko. Matar da ta karɓi haihuwar rabin masu gadin wurin ta tsaya riƙe da wayar iyakar, tana kallo aka fito da makarar mahaifinta aka sha kwana da ita. Dattawanmu sun ce a sassauta harshe a wannan sanarwa, kuma mun sassauta. Amma duk wanda ya zauna a bayan tebur ya ce wa mace ta dawo jibi alhali gawar ubanta na kwance, ya sani shi ma yana da uba.

Ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga mai ɗakinsa, Inna, da Yaya Babba, da ƙannenta, da jikoki, da ragowar tsofaffin ayarinsa na ɓangarorin biyu. Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa kowace inuwa da ya dasa ta zame masa sadaka mai gudana, Ya ba iyalansa haƙuri da juriyar wannan babban rashi.

A ƙarshe, bisa umarnin Inna, muna sanar da jama'a cewa ba a cikin gida za a karɓi gaisuwa ba, domin ta ce ba za ta zauna makokin mijinta 'yarta na leƙe daga nesa ba. Daga gobe da safe za a yi shimfiɗa a ƙarƙashin mangwaron ƙofar gida, ta nan da ta can. Kowa ya zo ta ɓangarensa, kada wanda ya tsallaka, kada wanda ya taɓa mai gadi ko ya gaya masa magana. Ba mu nemi izini ba, domin babu dokar da ta hana mutum zama a ƙasarsa. Tabarmar Inna za ta kasance a jikin wayar, ta Yaya Babba ma haka. Tsakanin ƙaya da ƙaya akwai inda hannu zai shiga, mun gwada.

Sa hannu:
Ɗan Maƙeri,
Kakakin Ƙungiyar Tsofaffin Maciran Duwatsun Iyaka da Iyalansu,
a madadin Majalisar Dattawa.