Sarƙar da Ta Ƙi Tsinkewa

Zuwa ga 'yata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da ƙananan jikokina. Allah Ya ƙara muku rufin asiri a inda kuke, Ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin mutum. Mu nan gida sai godiya. Ƙafar Innarki ta yi sauƙi, har tana zaga tsakar gida ba sanda. Ƙanenki Auta ya samu aikin da yake nema a garejin gyaran motoci, kullum ya dawo baƙi ƙirin da mai, ya cinye abincin mutum biyu.

Ni kuwa yau farin ciki ya cika ni, saboda haka in kin ga rubutuna yana hawa yana sauka, kada ki ga laifin malaminmu na ajin yamma. Kafin ki ci gaba da karatu ki nemi wuri ki zauna, ki kuma riƙe wannan a ranki: 'yarki, Akun gidanmu mai bakin da ba ya hutawa, tana raye kuma tana samun sauƙi. Abin da Auta ya faɗa miki a waya, wai babur ne ya ɗan buge ta, ni na sa shi ya faɗi haka. Ban karɓi wayar ba saboda bakina a kumbure yake, da kin ji muryata da kin gane. Ita ma ba barci take yi ba duk lokacin da kika kira, kamar yadda aka riƙa ce miki. Maganar ce ta gagare ta. Yanzu zan gaya miki yadda aka yi tun daga farko, don kada ki tsince shi gutsi-gutsi a bakin mutane.

Kin san tun da Aku ta gama makaranta ta kafa teburinta a kusurwar shagona. Ni ina kan keken ɗinki, ita tana shirya duwatsun ado, tana cika min kunne da labarin duk wanda ya gifta. Hannunta ya faɗa sosai. Takan shimfiɗa tsohon tawul a kan faranti don kada duwatsun su gangara, kowane launi da gwangwaninsa, ta riƙa ɗaukar ƙananan da bakin allura ba tare da ta taɓa su da yatsa ba. Tana matse su sosai a jikin zare, ko gashi ba zai shiga tsakaninsu ba. In ta yi kuskuren launi a tsakiyar sarƙa ba ta warwarewa, sai ta ɗauki ɗan awartaki ta fasa dutsen da ya shiga ba a wurinsa ba, ta tura sauran su rufe gurbin. Nakan ce mata ɓarna ce, takan ce tsoho ya kula da wandunansa.

Zaren shi ne maganar. Kakarki, mahaifiyata, a kan zaren auduga take shirya nata. Ta murza shi a cinya, ta goga masa kakin zuma, ta zura. Yakan daɗe kaɗan ya tsinke, mu yara mu bi ƙasa muna tsince mata. Matan yanzu ba sa ɗaukar wannan. Sarƙa na tsinkewa za su dawo da duwatsun ƙunshe a hankici su tara maka jama'a. Shi ya sa duk masu wannan sana'a a layinmu suka koma zaren roba irin na kamun kifi. Aku takan riɓa shi, ta ƙulla, ta kara masa ashana bakin ya narke ya manne. Ni da kaina nakan ɗauki sarƙarta in ja da hannu biyu a gaban mai saye, ina alfahari cewa ko doki aka ɗaure da ita ba zai kuɓuce ba.

Ranar da abin ya faru da la'asar ce, layin cike da mutane. Ta gama wata sarƙa mai kauri da wata malamar makaranta ta sa a yi mata, duwatsun gilashi ne masu ruwan zinariya. Ta ɗaura a wuyanta don ta ga yadda za ta kwanta, ta ɗauki madubi ta fita bakin titi, domin hasken ƙwan lantarki yana ruɗar ido wajen launi, sai a rana ake ganin gaskiyarsa. Ina yanka wani yadi na ji ƙarar babur, sai kuma wani sauti kamar an shaƙe akuya. Na ɗaga kai na ga madubin a ƙasa a tarwatse, ban ga yarinya ba.

Samari biyu ne a kan babur. Na bayan ya miƙa hannu ya fizgi sarƙar, yana zaton zinariya ce, yana kuma zaton za ta tsinke ta biyo hannunsa kamar yadda suka saba. Ba ta tsinke ba. Yarinyar ce ta biyo. Suka ja ta da wuya a kan kwalta tun daga ƙofar shagona har gaban mai faci, kafin babur ɗin ya kife da su. Mai tuƙin ya miƙe da gwiwa a fashe ya ranta a na kare. Na bayan bai samu gudu ba, domin sarƙar ta murɗe a yatsunsa, zaren ya yanka nama ya kai ƙashi. Da na iso na tarar ya taka kafaɗarta da ƙafa yana ja da iya ƙarfinsa don ya ƙwaci hannunsa. Duk jan da ya yi, wuyanta yake shiga. Jini ya jiƙa gaban rigarta, ƙafafunta suna dukan ƙasa, tana yaƙushin maƙogwaronta da farce.

Kafin in yi wani abu jama'a sun rufe mu. Mai walda da sandar ƙarfe, mai faci da ƙarfen cire taya, wasu da katako, wani ma da bencin zama. 'Yata, taimako suka zo yi, amma taimakon nan ne ya kusa kashe ta. Suka kama ƙafafun ɓarawon suna jansa don su raba shi da ita su samu wurin duka, ba wanda ya lura hannunsa a ɗaure yake da wuyanta. Suna jansa, tana biye. Na ga idanunta sun firfito, harshenta ya leƙo, fuskarta ta yi duhu. Na yi ta ihu a tsaya, amma wa zai ji muryar tsoho a cikin wannan hayaniya? Sai na faɗa a kan yaron, na rufe shi da jikina, na damƙi wuyan hannunsa na danna shi a jikin wuyanta don zaren ya ɗan saki.

Dukan da aka tanadar masa a kaina ya sauka. Katako a baya, ƙafa a haƙarƙari, wani ya sauke min wani abu a ƙeya har na ga taurari da rana tsaka. Na ji wani da bai san ni ba yana cewa a haɗa da tsohon, tare suke. Shi kuma yaron daga ƙasa yana cizon damtsena yana dukana da gwiwa. Allah Ya saka wa mai walda da alheri. Shi ya fara gane hulata, ya juya wa jama'a baya ya tsaya a kaina yana wulwula sandarsa, yana rantsuwa duk wanda ya ƙara matsowa sai ya fasa masa kai.

Babban almakashina yana hannuna, ban ma san da shi na fito ba. Na nemi inda zan zura bakinsa na rasa. Ta gaba zaren ya nutse cikin nama, ta baya duwatsun sun matse ba ƙofa. Almakashin yana zamewa a kan gilashi, har na yanke ta a ƙasan kunne. Ƙafafunta da ke dukan ƙasa suka daina motsi. A nan dabararta ta faɗo min a rai, amma awartakin yana can kan teburinta, kafin a je a dawo an gama. Sai na kifa bakina a bayan wuyanta, na kama dutse ɗaya da haƙori na ciza. Dutsen bai fashe ba, haƙorina na gaba ne ya karye. Na tofar, na juya dutsen kan turamen haƙorana na sake cizawa da duk abin da ya rage min na ƙarfi. Ya tarwatse a bakina, gilashin ya tsaga min harshe da dasashi. Da na ɗago na hangi zaren a fili, ɗan guntu kamar ƙwayar shinkafa. Na sa tsinin almakashi na datse. Duwatsu suka watse a kan kwalta.

Ba ta yi numfashi ba. Na jijjiga ta, na kira sunanta na gaskiya, wanda rabon da in kira shi tun tana goye. Matar mai kemis ta ture ni gefe, ta fizge yadin da ke rataye a kafaɗata ta danne raunin, ta ɗaga mata haɓa. Can sai ƙirjin ya ɗaga, ta ja iska da wani ƙara kamar ana zarto. Ban taɓa jin sauti mai muni haka ba, ban kuma taɓa jin wanda ya fi shi daɗi ba. Wani mai mota da ban san shi ba ya kwashe mu zuwa asibiti, ko sunansa ban samu tambaya ba. Yaron kuwa, bayan tafiyarmu sun yi masa lilis kafin 'yan sanda su ƙwace shi. An ce yana raye, amma ya rasa yatsun. Na ga fuskarsa kusa da tawa, bai kai Auta shekaru ba. Ba zan ɓoye miki ba, zuciyata ba ta yafe masa ba tukuna, sai dai na gode Allah da ba a yi kisa a ƙofar shagona ba.

Likitar mace ce, ta ɗinke wuyan tun daga ƙasan kunne har ya zagayo gaba. Na duba ɗinkin da idon tela, ƙanana ne a jere ba tattara, na ce mata duk ranar da ta gaji da asibiti akwai keke a shagona. Ta yi dariya, sannan ta ja ni waje ta ce raunin fata zai warke, amma maƙogwaron ya murƙushe ta ciki, muryar tana iya dawowa, tana iya ƙin dawowa, ba abin yi sai jira. Wannan jiran ya fi min dukan ciwo. Aku takan buɗe baki, iska kawai ta fito, sai ta juya ta fuskanci bango kafaɗunta suna rawa. Innarki ta ce gidan ya zama kamar an yi ƙaura. Da na ɗan iya tafiya na bi layinmu shago-shago na nuna wa masu sarƙa bakina. Yanzu kowa yana barin ɗan guntun zaren auduga a bayan sarƙa wajen maɗauri, wanda in an fizga zai saki. Wasu suna gunagunin masu saye za su dawo da ƙorafi. Na ce su dawo, ai mai rai ke ƙorafi.

To, yau da safe mai walda da mai faci suka zo asibiti dubiya. Ɗakin ya cika da 'yan jinya, suka ce in ba da labari, ni kuma na ɗan ƙara gishiri. Na ce da hannu ɗaya na riƙe ɓarawo, da ɗayan na watsa ƙarti, kuma ko gezau ban yi ba, ido a bushe na gama aikin. Sai muka ji wata murya daga kan gado, a shaƙe, kamar tsohuwar ƙofa mai tsatsa. Cewa ta yi tsohon nan ƙarya yake yi, kuka yake da majina yana kiran innarsa. Kofin da ke hannun Innarki ya faɗi. Mai walda, ƙaton nan da ya tare jama'a da sandar ƙarfe, ya rufe fuska da hula ya fashe da kuka. Ni kuwa na durƙusa a bakin gadon na roƙe ta ta maimaita, ta yi ta ƙaryata ni har rana ta faɗi. Ta maimaita, sannan ta kama hannuna ta ce a gaya wa Ummanta ta zo. Likita ta hana ta yawan magana, na ce Allah Ya ba likita sa'a.

Saboda haka ki nemi izinin maigidanki ki taho, ba don tsoro ba, don ta kira ki da bakinta. Ki gaishe min da shi da kyau, ki ce ina godiya da ɗawainiya. Ki gai da surukarki, Allah Ya ƙara mata lafiya, da 'Yan Biyu, da ƙaramin angon Innarki mai ƙiriniya. Innarki da Auta da gwaggonki suna gaishe ku, mai walda ma ya ce lallai in sa sunansa. Allah Ya kawo ki lafiya, Ya yi muku albarka baki ɗaya.

Ni ne mahaifinki,
Tela mai giɓi.