Motar Surukina Ba Ta Tashi a Sanyi

Yaya Badamkhand, don girman iyayenki ki ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni makiyayi ne a lardin Zavkhan, ƙasar tsananin sanyi da ƙanƙara. Shekara da shekaru ina hawan tsohuwar motar Rasha mai fetur da na gada wurin mahaifina. Shan mai take kamar raƙumi ya samu rijiya, ga jijjiga, amma ko ruwa ya daskare a cikin tanti, in na murza makulli sau biyu ta tashi.

Bara surukina, Baba Gombojav, ya sayar da dawakai ya saya mana a-kori-kura mai dizal. Da hannunsa ya ɗaura shuɗin ƙyallen siliki a sitiyari, ya yayyafa wa tayoyin madara a gaban dangi, kamar yadda muke sa wa sabon abu albarka a al'adarmu. Gaskiya da rani ba ni da abin cewa. Ta ja ciyawa, ta ja ulu, ta kwashe tantinmu da kayansa a sawu ɗaya, kuma tanki ɗaya ya kai ni Uliastai, babban garin lardinmu, ya dawo da ni. Amma da sanyi ya kama, sai dizal ɗin ya yi kauri kamar man shanu. Sai na hura wutar busasshen kashin shanu a ƙarƙashinta, in tsuguna ina gadi, kafin ta yarda ta yi tari.

To matata Tsermaa na da ciki, haihuwa tsakiyar sanyi, asibiti kuma tafiyar rabin yini ne. Surukina ya ce in ba ƙanena tsohuwar, wai ajiye ta kamar raina kyautarsa ne. Tsermaa ta ce kada in ɓata wa babanta rai. Ni kuwa tsoro nake ji. Ina hango ta tana naƙuda ni ina hura wuta.

Mai Mota Biyu, Zavkhan

Amsar Yaya Badamkhand: Ƙanena, na ji ka, kuma tsoronka yana kan hanya.

Kada ka zargi dizal da yawa. A jan kaya da doguwar tafiya ya fi fetur, kai ma ka shaida. Ka zuba wa sabuwar motar dizal na lokacin sanyi, wanda ba ya saurin yin kauri, tun kafin ƙanƙara ta sauka, ka sauya matacin mai, ka riƙa shiga da batir cikin tanti da dare. Wannan zai rage wahala, amma a sanyin Zavkhan ba zan yi maka alkawarin za ta tashi kullum ba. Wutar nan ma ka yi hattara da ita. Tsohuwar kuma ba waliyiya ba ce, tana iya mutuwa a tsakiyar fili.

Saboda haka kada ka jingina ran Tsermaa da kowace a cikinsu. Ka kai ta gari makonni kafin lokacinta, ta zauna kusa da asibiti. Tsohuwar ta tsaya a ƙofar tanti har bazara, ƙanenka ya yi haƙuri.

Shi kuwa dattijo, mutuncinsa yake karewa, don a gaban jama'a ya yi kyautar. Ka je da kanka a cikin motar da ya ba ka, ka zauna ka sha shayinsa, ka gaya masa abin da ka gaya mini, ba ƙari ba ragi. Ina jin kafin ka ajiye kwanon shayin shi zai ce kada ka kuskura ka ba da tsohuwar. Tsermaa 'yarsa ce tun kafin ta zama matarka.

Ina yi mata fatan sauka lafiya, kai kuma hankalinka ya kwanta.